Katalizar: garin sinadarin da ke fasa ɗanyen mai, yadda ake ƙera shi da abin da ke kashe shi

Ɗanyen man da ke fitowa daga rijiyoyin Agadem a Nijar ba ya shiga tankin mota yadda yake, balle ya zama buhu ko takin zamani. Bututu mai tsawon sama da kilomita 460 ne ke kai shi matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Tun 2024 kuma wani bututun na kusan kilomita 2,000 yana kwashe mafi yawan man zuwa tashar Seme a gaɓar tekun Benin, a loda shi a jirgi ɗanye. Yanzu da ake maganar gina wata matatar da masana'antar sinadaran fetur a Dosso, duk fadar da ka zauna a Yamai lissafin ganguna da biliyoyi za ka ji. Ba safai ake ambaton katalizar, sinadarin da ke hanzarta fasa man, ba, alhali shi ke yin ainihin aikin, kuma babu masana'antar da ke yin sa a ƙasar nan.

Hasumiyar tafasa mai rarrabewa kawai ta iya. Ana dumama ɗanyen man zuwa wajen digiri 350 ko 370, mai sauƙi ya hau sama, mai nauyi ya kwanta a gindi. Abin da man ya zo da shi daga ƙarƙashin ƙasa shi za ka samu, ba ƙari. Kasuwa kuwa esansi da gazuwal da gaz ɗin girki take nema, ba baƙin mai mai kauri da ya rage a gindi ba, wanda a wasu nau'o'in ɗanyen mai yakan kai rabi. Molekil ɗin esansi, wato ƙwayarsa mafi ƙanƙanta, sarƙa ce mai ƙwayoyin kabon 5 zuwa 12, na gaz ɗin butali 3 ko 4, na wannan ragowa kuwa daga 20 zuwa abin da ya yi sama. Dole a tsinka doguwar sarƙa, a naɗe wata ta zama zobe, a zare wa wata haidirojin. Zafi kaɗai yana iya tsinkawa, amma tsinkewar ba ta da kan gado, gaz mara daraja da baƙin kabon su ke yawa.

Makanikan Yamai sun san katalizar, don akwai ƙaraminsa a salansar mota. Abu ne da ke hanzarta haɗuwa ko rabuwar sinadarai, shi kuwa ya fita daga ciki yadda ya shiga. Aikinsa irin na dillali ne a kasuwar dabbobi: ya riƙo mai saye, ya riƙo mai sayarwa, a ƙulla ciniki, ya sake su ya kama na gaba. Wanda riƙonsa ya yi sako-sako ba ya ƙulla komai, wanda kuma ya riƙe mutum ya ƙi saki ya tare wa na baya hanya. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Paul Sabatier, masanin Faransa da ya karɓi kyautar Nobel a 1912, kuma har gobe da ita ake auna ƙarafa idan ana neman wanda ya dace da wani aiki.

Sai dai katalizar ba ya matsar da iyakar da zafi da matsi suka kafa. Idan ana so a zare haidirojin daga furofan, ɗaya daga cikin gaz ɗin girki, ya zama furofilen da ake yin roba da shi, sai an kai digiri 550 zuwa 650, ko da wane irin katalizar aka zuba. Abin da yake yi shi ne ya kai ka iyakar da wuri, ta hanyar da kake so. Da abu uku ake auna shi: ƙarfinsa, wato yawan abin da yake juyawa, zaɓinsa, wato nawa ne daga ciki ya zama abin da ake nema, da juriyarsa. Samun mai ƙarfi a ɗakin gwaji ba wuya. A wajen juriya ne gizo ke saƙa, kuma mafi yawan shekarun da ake ɓatawa kan sabon katalizar kan yadda zai mutu ake ɓata su.

Sakan uku a cikin bututu

Sashen fasa mai mai nauyi, wanda injiniyoyi ke kira FCC, shi ya fi kowanne cin katalizar a matata. Wani injiniyan Faransa, Eugène Houdry, ya ɓullo da wata hanyar fasa mai da katalizar, kuma babban injinsa ya kama aiki a Amurka a 1937. A 1942, a Baton Rouge, aka koma amfani da katalizar na gari wanda iska ke ɗagawa yana gudana kamar ruwa, tsarin da ake bi har yau.

Ga yadda abin yake. Ana dumama mai mai nauyi zuwa digiri 200 ko 300, a fesa shi da tururi a gindin wani dogon bututu da ke tsaye. A nan yake cin karo da garin katalizar mai zafin wajen digiri 700, kilo 5 zuwa 10 na gari ga kowane kilo ɗaya na mai. Nan take man ya zama tururi, ya kwashi garin su yi sama tare. Cikin sakan 2 zuwa 4 an gama, zafin ya sauka zuwa 500 ko 550. A saman bututun akwai siklon da ke juya iska su raba gari da tururin mai. Tururin ya wuce hasumiya, garin ya faɗo. Wajen rabin abin da aka zuba yana fitowa esansi, sauran gaz ne da mai mai kama da gazuwal da ragowa.

Garin da ya faɗo ya yi baƙi, domin kabon mai kauri da ake kira kok ya lulluɓe shi, wajen kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. Kaɗan ne a ido, amma ya isa ya toshe shi. Sai a wanke shi da tururi don kada mai ya bi shi, a tura shi tukunyar farfaɗowa, a busa masa iska kok ɗin ya ƙone a digiri 650 zuwa 750. Kowane kilo na kok yana cin kilo 12 zuwa 15 na iska. Wutar da ta tashi daga wannan ƙuna ita ce ke dumama garin ya koma ya fasa sabon mai, saboda fasawar shan zafi take yi. Ke nan kok da ke kashe katalizar shi ne kuma itacen injin. Idan ya yi kaɗan injin ya huce, idan ya yi yawa tukunyar ta yi zafin da zai tilasta a rage gudun garin, fasawa ta ragu. Duk wanda zai ƙera katalizar ga wata matata sai ya fara sanin inda wannan ma'auni ya tsaya a can.

Akwai wani abu da masu zanen injin a ƙasashen sanyi ba sa ji a jikinsu. Iskar da ke da digiri 45 ta fi mai digiri 15 rashin nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, famfon busa iska yana juyawa yadda ya saba amma oksijin ɗin da yake kaiwa ya ragu, kok ɗin da za a iya ƙonawa ya ragu. Katalizar mai yawan yin kok zai iya wucewa lafiya a watan Janairu, ya shaƙe injin a watan Afrilu.

Yadda ake ƙera ƙwayar

Kowace ƙwaya ta wannan gari ƴar dunƙulalliya ce mai faɗin wajen milimita 0.07, kuma haɗin abu huɗu ce. Zuciyarta zeyolit Y, kiristal na silika da alumina mai ramuka a jere, bakin kowane rami nanomita 0.74 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Da za a shimfiɗa bangon ramukan giram 15 kacal, da ya rufe hekta guda. Duk inda aluminiyom ya zauna a gurbin silikon a cikin ginin, wurin yana zama mai asid, kuma a nan sarƙa ke tsinkewa. Zeyolit yakan kai kashi 20 zuwa 40 na ƙwayar. Tun farkon shekarun 1960 da masu bincike na kamfanin Mobil suka sa shi a cikin katalizar, yawan esansin da ake samu daga ganga ya yi tsalle. Na biyu alumina ce mai manyan ramuka, wadda ke fara daddatsa ƙattin molekil da ba sa iya shiga bakin zeyolit. Na uku farar ƙasa, kawolin, mai ba ƙwayar jiki da ɗaukar zafi. Na huɗu abin ɗauri na silika ko alumina.

Dafa zeyolit ɗin kansa ba ya neman matsi ko wuta mai yawa. Ana haɗa ruwan silikat na sodiyom da aluminat na sodiyom da sodar nan ta yin sabulu, a zuba iri, wato ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin da aka riga aka haɗa aka ajiye suka kwana, a riƙe haɗin a wajen digiri 100 na kwana ɗaya zuwa biyu. Haƙuri da awo ne aikin. Idan soda ta ɗara ko aka bar tukunyar ta zarce lokaci, sai wani kiristal daban mai ƙananan ramuka, zeyolit P, ya fara fitowa, kuma ba shi da amfani a nan. Shi ya sa ake ɗiban samfur lokaci-lokaci a haska shi da na'urar hasken X a ga tsarin da ke tasowa, a kashe wuta da zarar ya cika.

Abin da aka tace daga tukunyar yana ɗauke da sodiyom mai yawa, wajen kashi 13 cikin 100 idan aka auna shi a matsayin oksid. Sodiyom yana kashe asid, yana kuma sa ginin ya rushe a cikin tururi. Sai a jiƙa garin a ruwan gishirin amoniyom ya kori sodiyom, a gasa shi cikin tururi a digiri 550 zuwa 700, a sake jiƙawa, har sodiyom ɗin da ke cikin katalizar da aka gama ya sauka ƙasa da rabin kashi ɗaya. Gasawar da tururi tana zare wani ɓangare na aluminiyom, silika ta cike gurbin. Wuraren asid sun ragu, amma ginin ya ƙara ƙwari.

A nan ne mai ƙira ke yanke shawarar da za ta bi katalizar har kabarinsa: nawa za a sa na lantanom. Wannan ƙarfe yana riƙe aluminiyom a mazauninsa, wuraren asid su kasance kusa da juna, sai molekil su riƙa miƙa wa juna haidirojin. Sakamakon shi ne esansi mai yawa, amma oktan, ma'aunin ingancin esansi, ya ɗan sauka, furofilen da butilen su ragu. Mai neman esansi zai ce a ƙara, mai neman kayan roba zai ce a rage. Akwai kuma zancen kuɗi. A 2010 da 2011, lokacin da Sin ta taƙaita fitar da irin waɗannan ƙarafa, farashinsu ya haura har matatu da yawa suka koma katalizar mai ƙarancin lantanom.

Daga nan sai a dama abubuwan huɗu su zama ruwa-ruwa mai kauri, a fesa cikin wata doguwar rumbu da iska mai zafi ke bi, kowane ɗigo ya bushe tun kafin ya sauka. Abin ɗauri idan ya yi yawa ƙwayar ta yi ƙwari amma ramukanta sun toshe. Idan ya yi kaɗan ta yi ƙarfin fasawa amma ta riƙa marmashewa, kuɗi su bi hayaƙi. Girma ma haka. Ƙwayoyin da ba su kai maikiron 20 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) siklon ba ya riƙe su, amma idan babu isassun ƙanana na ƙasa da maikiron 40 garin ba ya gudana sumul, sai ya riƙa cijewa a bututun saukowa.

Gwajin da ba ya yaudara

Kuskuren farko na sabon shiga shi ne gwada katalizar yana ɗanye. Sabon gari yana da faɗin fili, wato na bangon ramukansa, na murabba'in mita 200 zuwa 350 a giram, wanda ya daɗe a injin kuwa yakan sauka zuwa 100 ko 180. Wanda ya daɗe ɗin nan shi ke yin aikin, don haka dole a tsufar da samfur tukuna: a gasa shi cikin tururi zalla a wajen digiri 800 na awa 4 ko 5, wani lokaci fiye. Idan man da za a fasa yana da ƙarafa sai a ɗora masa su. Hanyar jiƙawa lokaci guda tana da sauri amma tana zuzuta ɓarnar, don tana baza ƙarfen ko'ina yana sabo. Wadda ta fi kusa da gaskiya ita ce a riƙa juya samfurin tsakanin fasawa da ƙonawa sau da yawa.

Gwajin da aka fi sani ƙarami ne ƙwarai. A ƙa'idar ASTM D3907, giram 4 na katalizar ake sawa a ƴar bututu, a tura masa giram 1.33 na mai cikin sakan 75 a digiri 482, a tara gaz da ruwa a auna su, a ƙona kok a auna. Idan abin da ya shiga da abin da ya fito suka saɓa da fiye da kashi 3 ko 4 cikin 100, wani abu ya zurare, a zubar da sakamakon. Kwatanta samfur biyu kuma ba a yin sa a gwaji ɗaya-ɗaya. Ana sauya yawan gari sau uku ko huɗu, a zana layi, sannan a duba su a daidai inda suka ba da kok iri ɗaya, tunda a matata kok ne ke da iyaka. Kuma da man matatar ake gwadawa, ba da man da mai sayarwa ya zo da shi ba.

Wanda ya tsallake wannan sai ƙaramin injin gwaji mai zagayawa, sannan matata. A can ma ba a yanke hukunci da wuri. Kullum ana zuba sabon gari wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na abin da ke ciki, a cire tsoho. Idan kashi 1 ake zubawa, sai bayan kwana 70 rabin abin da ke zagayawa zai zama sabon nau'in. Duk wanda ya zo maka da sakamakon mako biyu, sauyin ɗanyen mai ko na yanayi ya auna.

Masu kashe shi

Kok da naitirojin suma suke sa katalizar, wuta ta farfaɗo da shi. Ƙarafa su ne ajali, kuma suna taruwa ne a mai mafi nauyi.

Banadiyom ya fi muni. A tukunyar farfaɗowa yana zama oksid mai narkewa a digiri 690, ya haɗu da tururi ya zama asid mai yawo daga ƙwaya zuwa ƙwaya yana rushe zeyolit, har da sabon da aka zuba jiya. Idan sodiyom ya samu shiga, galibi saboda injin wanke gishiri daga ɗanyen mai bai yi aikinsa ba, ɓarnar ta ninka. Maganinsa a sa wa ƙwayar tarko na magnesiya ko oksid ɗin lantanom da zai kama shi, a kuma guji busa iska fiye da kima.

Nikel ba ya rushe komai, wani aikin da ba a sa shi ba yake yi: zare haidirojin daga mai. Kok ya ƙaru, haidirojin ya ƙaru, shi kuwa ba nauyi sai cika wuri, sai kwamfuresan gaz ya cika tun ba a kai yawan man da ake so ba. Ana zuba sinadarin antimoni a cikin man ya dabaibaye nikel ɗin. Baƙin ƙarfe da kalsiyom kuma nasu salon daban ne. Suna narkewa a bayan ƙwayar su yi mata sulɓi, cikinta lafiya lau amma ƙofa a rufe. Za ka auna faɗin fili ka ga bai ragu ba, ga ragowar mai tana ƙaruwa.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma injin yana faɗin abin da ke damunsa ga mai sauraro. Idan haidirojin ya haura a kan metan a cikin busasshen gaz, a nemi nikel. Idan faɗin filin zeyolit na sauka da sauri, a duba banadiyom da sodiyom da zafin tukunya. Idan zafin saman tukunyar ya zarce na ƙasa sosai, iskar kabon monoksid ce ke ƙonewa a inda babu garin da zai shanye zafin, kuma siklon ne za su ji jiki. Ɗan filatinom kaɗan, ƴan kasonni cikin miliyan, yakan dawo da wutar ƙasa. Idan gari na ɓacewa, a tara wanda ya fita a duba a madubin ƙara girma. Ɓaraguzai masu kaifi na nuna wani bakin tururi ne ke harbin ƙwayoyin da ƙarfi yana farfasa su. Dunƙulallun ƙwayoyi lafiyayyu kuwa na nuna siklon ne ya huje.

Daga mai zuwa buhu

Buhun da ake zuba gero da shinkafa da taki, tabarmar roba, igiya da kujerun roba da yawa, duk folifurofilen ne, kuma asalinsa furofilen, gaz mai kabon 3. FCC na yau da kullum yana ba da kashi 3 zuwa 6 cikin 100 na nauyin abin da aka zuba. Don a ƙara, ana gauraya wani zeyolit, ZSM-5, wanda Mobil ta yi wa rajista a 1972. Ramukansa nanomita 0.55 ne, miƙaƙƙun sarƙoƙin esansi kaɗai ke shiga, su tsinke su zama furofilen da butilen. Da shi da ƙarin zafi ana iya ninka furofilen, oktan ma ya tashi. Amma daga esansi ake yanko shi. Ƙasar da ke buƙatar esansinta sai ta yi wannan lissafi da idon basira.

Fitar da furofilen rabin tafiya ne. Yana fitowa a gauraye da furofan, kuma tazarar tafasarsu ba ta kai digiri 6 ba, ɗaya a 48 ƙasa da sifili, ɗayan a 42. Raba su na neman hasumiya mai faranti 150 zuwa 200, har tsarkin ya kai kashi 99.5. Sannan a bi shi ta matattarai masu kama ruwa da farar wuta da kabon monoksid da arsenik, domin katalizar da ke ɗinke shi ya zama roba ba ya jure ko ɓurɓushinsu. Wannan katalizar, na Karl Ziegler da Giulio Natta da suka raba kyautar Nobel a 1963, a yau kolorid ɗin titaniyom ne a kan kolorid ɗin magnesiyom, da wani sinadarin aluminiyom mai kamawa da wuta da zarar ya sha iska. Giram ɗaya yana ba da kilo gomomi na roba, shi ya sa ba a ma wahalar cire shi, a cikin robar yake zama.

Sai zancen girma. Ganga 20,000 a rana wajen tan miliyan ɗaya ke nan a shekara. A ƙaddara rabinsa ya shiga FCC, a ƙaddara kashi 5 ya fito furofilen: tan 25,000. Layukan folifurofilen da ake ginawa yanzu a duniya na tan dubu ɗari uku ne zuwa sama. Ƙarami ma yana yiwuwa, amma kowane kilo zai fi tsada, ga shi furofilen ɗin daga cikin gaz ɗin girki za a zare shi, a ƙasar da ake roƙon mata su bar itace su koma butali.

Ɗayar ƙofar sinadarai ita ce sashen gyaran nafta (mai mai sauƙi da ke fitowa daga hasumiya), wanda kamfanin UOP ya fito da shi a 1949. Filatinom ne wajen kashi 0.3 cikin 100 a kan alumina mai kolorin wajen kashi 1, a digiri 490 zuwa 525. Yana naɗe sarƙoƙi su zama zobe, ya ba da benzen da toluwen da zailen, tushen fenti da zaren roba da gorar ruwa, ya kuma saki haidirojin da ake wanke gazuwal da shi. Tsirfarsa yawa gare ta. Farar wuta a cikin nafta kada ta wuce rabin kashi ɗaya cikin miliyan. Ruwa idan ya yi yawa ya wanke kolorin, idan kolorin ya yi yawa nafta ta farfashe ta zama gaz.

Taki da kwal

Ga manomin albasa a Galmi ko mai gero a Adar, sinadarin da ya fi kusa da rayuwarsa yuriya ce, mai naitirojin kashi 46. Hanyarta daga iskar gaz jerin katalizar ce, kowane na tsare wa na gabansa. Oksid ɗin zink ya kama farar wuta. Nikel a kan alumina ya haɗa metan da tururi a digiri 800 zuwa 900 ya ba da haidirojin. Idan tururin ya gaza ninki 2.5 zuwa 3 na kabon, zaren kabon ya tsiro ya farfasa ƙwayoyin, bututun ya yi jan tabo. Sai na baƙin ƙarfe da kuromiyom, sai na tagulla da zink, su juya kabon monoksid. A ƙarshe baƙin ƙarfe mai ɗan fotasiyom da alumina ya haɗa haidirojin da naitirojin su zama amoniya, wadda ake yin yuriya da ita, a digiri 400 zuwa 500 da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 150 zuwa 250. Alwin Mittasch na kamfanin BASF ya gwada dubban haɗe-haɗe kafin ya tsaya a kan wannan, aka buɗe masana'antar Oppau da shi a 1913, kuma bayan shekara ɗari da ɗoriya bai sauya sosai ba. Tan ɗaya na yuriya na cin wajen kilo 570 na amoniya.

Kwal ɗin Salkadamna da ke jihar Tawa ma yana iya bin irin wannan hanya. A Baotou ta ƙasar Sin, tun 2010 ana mai da kwal gaz, gaz ya zama metanol, metanol ya bi ta zeyolit SAPO-34 ya fito etilen da furofilen, wajen tan 3 na metanol ga tan ɗaya. Katalizar ba shi ne matsalar ba a nan. Ruwa ne, don hanyar kwal ta fi kowace shan ruwa.

Inda hannunmu zai kai

Kamfanonin da ke yin katalizar FCC a duniya ƴan kaɗan ne, irin su Grace da BASF da Ketjen da Sinopec, kuma masana'anta ɗaya tana ciyar da matatu gomomi. Gina irinta don matata ɗaya ko biyu ba lissafi ba ne. Abin da ke hannunmu shi ne awo. Ɗakin gwajin da zai iya auna faɗin fili da naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya haska kiristal, ya ƙidaya ƙarafa, ya yi gwajin giram 4 ɗin nan da man Agadem, ya isa ya sa mai saye ya daina karɓar maganar mai sayarwa ido rufe. Aiki ne daidai da ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Abdou Moumouni da injiniyoyin EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu ta Yamai.

Farar ƙasa ma abin dubawa ce, tunda ana iya tsiro da zeyolit daga jikinta. Kamfanin Engelhard, wanda BASF ta saya a 2006, a kan haka ya gina sana'arsa: a dunƙula kawolin, a gasa wani a wajen digiri 700, wani kusa da 1,000, a dafa su a ruwan soda da silikat, zeyolit ya fito a cikin ƙwayar. Amma ba kowace farar ƙasa ba. Sai an wanke ta an raba ta da yashi, don yashi ba ya narkewa a wannan dahuwa kuma yana cinye famfo da bakin fesawa, sai kuma an tabbatar baƙin ƙarfe da titaniyom ɗinta kaɗan ne. Wadda ta gasu ta koma ja-ja ta riga ta ba da amsa.

Katalizar da ya gama aiki ma ba shara ɗaya ba ce. Na filatinom ana auna shi da hatimi a mai da shi wurin masu narkawa, don kuɗin ƙarfen ya fi na jigila nesa ba kusa ba. Na wanke gazuwal, mai kobal ko nikel da molibdenom, yana ɗauke da farar wuta kuma yana iya kama wuta da kansa idan ya sha iska, don haka a ƙarƙashin naitirojin ake sauke shi, a rufe a durom. Na FCC silika da alumina ne gasassu, kuma a ƙasashe da dama masana'antun siminti irin ta Malbaza ne ke karɓar sa su gauraya, bayan an jiƙa samfur an tabbatar nikel da banadiyom da antimonin da ke jikinsa ba sa zubowa cikin ruwa fiye da ƙa'ida.